Kwalbatin Gidan Ang

Ruwan da guguwa ta kwana biyu tana zubarwa ya tsaya cak a gidan Ang, ba alamar yana da niyyar tafiya. Da gari ya waye Kim-to ya sauko daga teburin da ya kwana a kai, ruwa ya kama shi har gwiwa. Ya kutsa ɗakin A-bu, wato mahaifiyarsa, ya duƙa ya ƙirga. Bulo bakwai ne a ƙarƙashin kowace ƙafar gadonta. Shida sun nutse, na bakwai ma ya fara jiƙa.

"Nawa suka rage?" in ji tsohuwar.

"Da saura, A-bu. Ki kwanta abinki."

"Ƙarya kake yi. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka kalli ƙasa."

Shekararta tamanin da takwas, ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta, amma bakinta yana nan daram. Kusa da matashinta akwai kwanon silba da cokali, da su take kiran mutum in tana bukata, kuma duk unguwar ta san ƙarar kwanon nan.

A garinmu, nan gaɓar yammacin Taiwan, gado a kan bulo ba abin kallo ba ne. Ƙasa tana nutsewa, teku yana hawa, sau uku ana ɗaga titi. Gidan da mahaifin Kim-to ya gina, a da sai ka hau matakala uku kafin ka shiga. Yanzu sai ka sauka huɗu, ka kuma sunkuyar da kai don kada saman ƙofa ya gaisa da goshinka. Karen maƙwabta kan tsaya a titi ya leƙo ta taga ya ga abin da ake ci. Duk da haka gidan bai taɓa riƙe ruwa ya wuce yini guda ba, saboda kwalbatin. Tsohon ne ya haƙa kwata mai zurfi daga tsakar gida, ta bi gefen tafkin kifinsa har gindin ganuwar teku, nan ya binne kwalbati ta ƙarƙashin ganuwar, ya sa mata marfin ƙarfe ta waje. In teku ya janye, ruwan gida ya tura marfin ya fita. In teku ya cika, ya danne marfin ya rufe.

Wata guda da ya wuce, ƙanin Kim-to ya toshe bakin kwalbatin da bulo da siminti.

Chui-seng ke nan. An haife shi a shekarar babbar ambaliya, shi ya sa aka raɗa masa sunan, wato haifaffen ruwa. Shekara arba'in yana birnin Taichung yana sayar da tayil, sai ga shi ya dawo da tumbi da takardar zanen gini, wai ɗansa zai yi aure kuma dangin amarya suna son ganin gida. Tafkin kifin shi ne rabonsa na gado. Ya cike shi da ƙasa mota bayan mota har ya fi titi tsawo, ya kewaye cikon da katangar kankare, ya ɗora bene hawa uku mai manyan tagogi suna kallon teku. Babu wanda bai gaya masa ba cewa taɓon tafki ba shi da gindi. Ranar buɗe gida Kim-to ya zo da lemo, ya ajiye ɗaya a tsakiyar falo a gaban baƙi, lemon kuwa ya gangara da kansa har kusurwar da ke wajen teku. Mutane suka yi ta ƙunshe dariya. Chui-seng bai yafe ba. Dama tun rabon gado ya daina ce wa wansa A-hia, kamar yadda kowane ƙani ke kiran wansa. Kim-to kawai yake ce masa, gatsal, kamar sa'ansa.

Chui-seng ya ce marfin ƙarfen ya ruɓe ya faɗi, teku ne ke shigowa ta kwalbatin, shi ya sa ya toshe. Kim-to ya ce ƙarya ne, tsoro yake kada ruwan kwata ya cinye masa ciko, ya gwammace uwarsa ta jiƙa. In ka tambaye ni, duka biyun gaskiya ne, amma ba wanda ya tambaya. Chui-seng ya aiko da injin zuƙe ruwa, ga shi can a kan kujera, tun shekaranjiya babu wuta. Ya kuma ce a kawo A-bu benensa. Wannan ce maganar da ta fi ci wa Kim-to rai. Shi ne babba. Uwa a wurinsa take, allon sunan mahaifinsu da na kakanni a kan teburinsa suke, shi ke kunna musu turare safe da yamma. In ya ɗauki uwarsa ya kai ta gidan ƙaninsa, ai ya faɗa wa duniya ke nan cewa ya kasa.

Ya dubi kalandar da ke rataye a bango. Sha takwas ga watan bakwai, a lissafin wata. Shekara hamsin yana kiwon kawa a teku, halittar nan mai kwanso da ake ɓarewa a ci, ba ya bukatar kowa ya gaya masa: ran sha takwas teku kan kai ƙarshen janyewa wajen bakwai na safe, ya cika wajen ɗaya na rana. Abin alfaharinsa ne cewa bai taɓa hawa ganuwa don ya duba ruwa ba. A ba shi kwanan wata kawai. Ya ɗauko babbar gudumarsa daga saman kabad, ya soke wuƙar ɓare kawa a ƙugu don sabo.

"Ina za ka da guduma?"

"Zan buɗe wa ruwa hanya."

"Kada ka taɓa ƙaninka."

Ya sunkuya ya fita.

Unguwar shiru, mutane duk an kwashe su zuwa makaranta tun jiya. Iskar kudu ce kawai ke ta faman hurawa, sama baƙi ƙirin. Ya bi kwatar har ƙarshenta, wurin da ta matse tsakanin katangar cikon Chui-seng da ganuwar teku. Ya dira ciki, ruwa ya kai masa cinya. Rabin toshen yana sama da ruwa. Ya tofa yawu a tafi ya fara duka.

Ya ɗauka aikin rabin awa ne. Amma ɗan banzan ya sayi siminti mai kyau, ya kuma jera bulon layi uku. Kim-to ya yi ta duka, ya huta, ya ci gaba, tafinsa ya fashe, jini ya bi ƙotar. Kowane bugu da abin da yake tunawa: lemon, injin, sunansa a bakin ƙaninsa. Babu rana balle ya ga ta ɗaga. Bai san ya kwashe awa uku a ramin ba.

"Kai! Kim-to! Ka haukace ne?"

Chui-seng ne a saman katanga, da singileti da silifa mai ruwan shuɗi da fari, wandonsa a jiƙe sharkaf. Matarsa da ɗansa suna Taichung, shi kaɗai ya zauna gadin gida. Tun asuba ya fita neman kwale-kwalen da zai ɗauko tsohuwa, bai samu ba, ya dawo ya dafa mata faten shinkafa. Yana fitowa da kwanon ya ji ƙarar guduma, ya dire shi a kan matakala.

"Koma ka goge tayil ɗinka," in ji Kim-to, bai ko ɗago ba.

"Teku bai janye ba yau! Iska ta danno shi, tun jiya yake tsaye. Hau ganuwa ka gani!"

"Yau sha takwas."

"To sai me? Teku ya iya karatun kalanda ne?"

"Kai za ka koya mini teku? Kai da in ka hau jirgi sai ka amayar da hanjinka?"

"Matakala ashirin ce, tsohon banza, hau ka duba! In na yi ƙarya ni da kaina zan fasa maka."

"Uwarka tana kwance ruwa na lasar gadonta, kai kana sama kana shan iska."

"Wa ya hana a kawo ta? Girman kanka ne zai kashe ta, ba ni ba!"

Kim-to ya ɗaga guduma. Chui-seng ya diro masa a ka.

Faɗan tsofaffi ba shi da kyan gani. Ɗaya sittin da bakwai, ɗaya sittin da huɗu, ba mai saurin da zai kauce, don haka duk dukan da aka kai sai ya samu. Suka faɗa ruwa tare. Chui-seng ya fi nauyi, ya hau ƙirjin wansa ya danna kansa cikin ruwan kwata, ya ɗago shi, ya sake dannawa. "Za ka bari? Za ka bari?" Kim-to ya sha ruwa mai warin kashin kifi da man inji. Ya lalubi fuskar ƙaninsa ya cusa masa yatsa a ido, ya samu ya ɗago, ya sa goshi ya fasa masa hanci. Chui-seng ya cafke ƙotar guduma da hannu biyu, ya gantsara masa cizo a damtse har haƙoran robarsa suka fita suka faɗa ruwa. Suka yi ta ja, suna nishi, suna zagin uban da ya haife su su duka. Kim-to ya ji gudumar tana zamewa daga tafinsa mai jini. Hannunsa ya tafi ƙugu da kansa. Wuƙar kawa gajera ce, amma shekara hamsin ke nan yana sanin inda ake soka ta a murɗa. Ya zare ta ya tsage bayan hannun ƙaninsa daga wuyan hannu har gwiwa.

Chui-seng ya saki, ya ja da baya yana kallon hannun kamar ba nasa ba. Maimakon ya gudu, sai ya je ya jingina bayansa da toshen, ya ware ƙafafu.

"To fasa. Sai dai ka fasa da ni."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba, Kim-to."

Da ya ce A-hia a lokacin, wataƙila da an tsaya nan. Kim-to ya juya gudumar ƙasa-ƙasa, ta tsaga ruwa, ta sami ƙaurin ƙaninsa na hagu. Ko ta cikin ruwa ya ji ƙashin ya karye, a hannunsa ya ji. Chui-seng ya yi wata ƙara da Kim-to bai taɓa ji daga bakin mutum ba, ya zube. Kim-to ya kama singiletinsa ya ja shi gefe, ya jingina shi da katangar cikonsa, ruwa ya tsaya masa a ƙirji.

"Zauna nan ka ga yadda ake aiki."

Ya koma kan toshen. Bugu ɗaya, bulo ya tsage. Wani siririn ruwa ya tsarto daga tsagar ya same shi a fuska. Ya lashi leɓensa. Gishiri.

Ya gane. Kada wani ya ce bai gane ba. Ruwan da ya kamata ya fita ne ke shigowa, da ƙarfi kuma, daga saman toshen. Da shi kaɗai ne a ramin, da ya ajiye guduma ya nemi buhu da tsumma ya cusa. Amma ga ƙaninsa a gefe, fuska duk jini, baki ba haƙora, yana kallonsa, ya kuma ga ya lashi leɓe. Ya karya ƙafar mutum a kan maganar nan. In ya tsaya yanzu, ya karya ta a banza ke nan.

Ya ɗaga gudumar ya buga.

Toshen ya fashe gaba ɗaya. Teku ya shigo da bulo da kwanson kawa da gora, ya ɗauki Kim-to ya maka shi da katanga, gudumar ta tafi. Ruwan ya yi ta tamaula da shi a cikin kwatar kafin ya kama wani gefe ya ja jikinsa sama, yana amai, haƙarƙarinsa na suka. Da ya waiwaya, kwatar ta koma kogi, ta nufi tsohon gida a guje. Can baya Chui-seng ya rungumi wani guntun rodi da ya fito daga jikin katanga, ruwa yana dukan haɓarsa.

"A-hia! Ƙafata! A-hia, ba zan iya tashi ba!"

Kim-to ya yi taku biyu wajensa. Sai ya ji kwanon uwarsa. Kwang, kwang, kwang, daga can ƙasa, ba tsayawa.

"Riƙe ƙarfen nan! Kada ka saki! Yanzu zan dawo!"

Minti biyar, haka ya gaya wa kansa yana gudu. Zai ɗauko ta, ya ajiye ta a titi, ya dawo da igiya.

Ruwa ya riga shi gida. Ya kai masa ƙugu a tsakar ɗaki, kujeru na yawo, katifar ta fara tashi. Tsohuwar tana zaune ta ɗaga kwanon sama tana bugawa.

"Hau bayana, A-bu, maza!"

"Ina mahaifinka?"

"A-bu!"

"Ba inda za ni na bar shi a ruwa. Ɗauko allunan."

Ya kutsa falo, ya wawuro allunan daga tebur, ya dawo da su a hammata. Ta dube shi kamar ya shigo tsirara.

"A hammata? Kifi ne? Ina jan kwando? Ina baƙar lema? So kake sama ta gan su a buɗe?"

"Babu lokaci!"

"Ka kunna turare ka gaya musu za a tashi. Ba a ɗaukar mutane kamar kaya."

"Ashana ta jiƙe! Ki hau, tsohuwa, ki hau na ce!"

Ta kwaɗa masa kwanon a kunne. "Ni kake wa tsawa?"

Kalma huɗu za su raba gardamar. Ɗanki yana cikin kwata. Da ta ji haka, da ta jefar da komai ta ce ya gudu. Amma za ta tambaya me ya kai shi, me ya hana shi fitowa, ga kuma jini a hannun Kim-to da shatin haƙora a damtsensa. Tsoron idonta ya fi masa tsoron teku. Sai ya juya ya shiga neman lema.

Kwandon yana saman kabad. Lemar ce ta ɓata, ya yi ta lalube a bayan ƙofa da ƙafa har ya taka ta. Ya riƙe tsinken turare uku marasa wuta, ya sunkuya, ya ce wa allunan su yi haƙuri za a kai su wani wuri. Ta jera su a kwando da hannunta, a tsanake, na miji a gaba. Sannan ta yarda ta hau.

Ƙofar ta kusa cika. Sai da ya nutsa har hanci kafin suka wuce, ita ta miƙa kwandon gaba ta kwantar da kai. Ya hau matakala huɗun nan da rarrafe. Titin ma ruwa ya shafe shi, yana ja da ƙarfi, ba inda za a ajiye mutum. Duk unguwar wuri ɗaya ne ya rage a sama. Ya nufi benen ƙaninsa da uwarsa a baya, lema a buɗe a kansu, iska na neman fizge ta.

Ruwa ya riga ya fara cin cikon ta gefen kwata. Katangar ta tsage, ƙasa tana zubewa, matakalar gidan ta rabu da bango har hannu zai shiga. Ya haye da ita har sama, ya zaunar da ita a bakin ƙofa. Nan kwanon faten yake, an rufe shi da faranti. Ta ɗaga farantin ta sansana.

"Chui-seng ne ya dafa. Shi ke cika citta. Da ɗuminsa ma. Ina yake?"

Kim-to ya sauka da gudu.

Babu kwata kuma. Ruwa ne ja-ja-ja daga katanga har ganuwa, yana juyawa. Ya bi jikin katangar yana ƙirga taku zuwa inda rodin yake, ya faɗa. Ya nutsa, ya lalubo rodin, ba kowa a jikinsa. Ya taso ya kira suna, ya sake nutsawa. Ya bi ƙasan kwatar da hannu, fasassun bulo suna yanka shi, ruwan yana jansa yana buga shi. Sau biyar yana nutsawa. A na shida ƙirjinsa ya ƙi, ya kama katanga ya rataye yana haki. Silifa ɗaya, shuɗi da fari, ta zo tana kewaya a gabansa. Ya kama ta, ya rasa me zai yi da ita, ya cusa ta cikin rigarsa.

Daga sama ya ji kwanon ya fara. Ta zubar da faten ne ko ta cinye, bai sani ba, amma ta sami abin bugawa. Muryarta ta biyo iska, siririya, da faɗa a cikinta.

"Chui-seng! Kai Chui-seng! Fito mana! Mahaifinka ya zo gidanka, ka bar shi a ƙofa?"

Ƙofar a buɗe take, taku ɗaya ne tsakaninta da falo. Amma ba a shigar da kakanni gida sai mai gidan ya fito ya tarbe su da hannu biyu. Ta gyara zaman kwandon a cinyarta, ta karkato lemar ta rufe shi sosai, ta ci gaba da kira.